Mayar da tsohon jerin gidaje zuwa gidajen haya na zamani a Gusau: nazari kan aikin kamfanin da muka ɗauka

Duk wanda ya san Gusau ya san akwai wani irin gini da aka daina yi yanzu, wanda ake gani a Sabon Gari da kewayen tashar jirgin ƙasa da tsohon yankin kantuna. Dogon gini ne guda ɗaya a ƙarƙashin rufin kwano ɗaya, an raba shi ƙofa-ƙofa, kowace ƙofa gida ce mai zaman kanta, bangon wannan shi ne bangon wancan, ga baranda mai ginshiƙai da ta bi gabansu daga wannan kai zuwa wancan. Irin wannan gini ya biyo layin dogo ne, wanda ya taso daga Zariya ya bi ta Funtua ya ratsa Gusau har ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929, lokacin da cinikin gyaɗa da auduga ya jawo kamfanonin Turawa da 'yan kasuwa Kwarori da ma'aikata daga kudancin ƙasar nan. Mafi yawan waɗanda suka rage a tsaye suna hannun magada a yau, kuma tun da Gusau ta zama babban birnin Jihar Zamfara a 1996, aka kuma buɗe Jami'ar Tarayya a 2013, buƙatar gidan haya mai banɗaki da kicin a ciki ta sa magada da yawa suna tunanin ko su rushe ko su gyara. Mu gyara muka yi, kuma domin masu irin wannan tunani nake bayyana abin da na gani a aikin kamfanin da muka ba kwangilar. Ba zan ambaci sunansa ba, saboda a cikin maganata akwai yabo akwai kuma ƙorafi, ba na son ta zama talla ko ɓata suna.

Ƙofa huɗu daga cikin shida na jerin ne namu, gadon kakanmu, sauran biyun kuwa na wani gida ne daban da muka daɗe muna maƙwabtaka da su. Faɗin kowace ƙofa bai kai mita biyar ba, amma tana da zurfi sosai: shago a gaba, ɗakuna biyu a jere a bayansa, sai 'yar tsakar gida, sai madafi da makewayi a can ƙurya. Harsashin na dutse ne, bangon na bulon ƙasa ne mai kauri kusan rabin mita, kuma a wani lokaci can baya an yi masa filastar siminti ciki da waje. Kafin a fara aiki ƙasan bangon ya yi baƙi da rima, filastar ta kumbura tana zubowa, gara ta cinye wani sashe na katakon rufi, ɗakunan tsakiya kuma ko da rana tsaka sai an kunna fitila.

Mafi yawan 'yan kwangilar da muka tuntuɓa ba su ma shiga ciki sosai ba, daga baranda suka yanke hukunci cewa a rushe a zuba sabon gini. Wannan kamfani shi kaɗai ne ya ce ba zai faɗi ko sisi ba sai ya binciki ginin, kuma binciken ma sai mun biya. Ƙaramin kamfani ne, ginshiƙansa mutum uku: mai zanen gini, da injiniya, da wani dattijon magini da ya tashi a aikin ƙasa tun kafin bulon siminti ya mamaye gari. Mun nemi shaidar rajistar biyun farko da hukumomin da ke yi wa masu zanen gini da injiniyoyi rajista, wato ARCON da COREN, suka kawo ba tare da nuna ɓacin rai ba, kuma ina ba kowa shawara ya riƙa neman wannan shaida, domin a harkar gini kowa Injiniya ake kiransa. Kuɗin binciken ya yi wa wasu 'yan uwana nauyi a zuciya, amma a ganina babu kuɗin da muka kashe a duk aikin da ya kai shi amfani. Sun haƙa ramuka a gindin bango don su ga zurfin harsashi, sun fasa filasta a wurare daban-daban don su ga halin da bulon yake ciki, sun shiga cikin silin sun duba katako ɗaya bayan ɗaya, sannan suka rubuta rahoto mai hotuna suka karanta mana shi da Hausa a gaban dukkan magada.

A wannan zama ne aka yi taƙaddamar da ta fi kowace zafi. Babban wanmu yana son a ɗora bene, domin gida huɗu su zama takwas, kuma lissafinsa ba na banza ba ne, tunda magada suna da yawa, haya kuma ita ce abin da za a riƙa rabawa. Injiniyan ya ce masa: «Alhaji, harsashin nan an yi shi ne don ya ɗauki bangon ƙasa da kwano. Idan aka ɗora masa kankare da rodi, ba zan iya sa hannu a takardar ba, kuma idan wani ya sa, ina roƙonka kada ka bar iyalin kowa su kwana a ciki.» Ya bayyana cewa ana iya kafa sababbin ginshiƙan kankare a cikin ginin su ɗauki benen su kaɗai, amma haƙa musu gindi a jikin tsohon harsashi zai girgiza bangon da muke tarayya da maƙwabta, kuma kuɗin zai kusan kai na sabon gini. Ya san wannan magana tana iya sa ya rasa kwangilar, ya kuma faɗe ta. A ƙasar da ake yawan jin labarin ruftawar bene, mutumin da zai ƙi ƙarin aiki saboda amincin ginin ya cancanci a faɗi alherinsa, kuma wannan shi ne abu na farko da ya sa na amince da su.

Inda suka fi nuna gwaninta shi ne maganin rima, kuma a nan ne na fahimci dalilin da ya sa suke tafiya da dattijon magini. Mu a tunaninmu bangon ya lalace ne saboda tsufa. Shi kuwa da ya ɓamɓare filastar ya nuna mana cewa daga ƙugu zuwa sama bulon yana nan daram, lalacewar duk a ƙasa take, kuma simintin da aka shafa don a kare bangon shi ne ya cuce shi. Bangon ƙasa yana shan danshi daga ƙasa a lokacin damina, yana kuma fitar da shi ta jikinsa idan iska ta buge shi. Da aka rufe shi da siminti ciki da waje, aka kuma dafe ƙasan ɗaki da baranda da siminti, sai danshin ya rasa hanyar fita, ya taru a gindin bango yana narkar da bulon a hankali. Dattijon ya kwatanta abin da mutumin da ya sa rigar leda a watan Afrilu, ya ce gumin ba ya zuwa ko'ina, a jikinsa zai tsaya. Abin da suka yi shi ne suka cire tsohuwar filastar gaba ɗaya, suka bar bangon ya sha iskar rani har ya bushe, suka riƙa cire ruɓaɓɓen bulo kaɗan-kaɗan suna maye gurbinsa, ba su taɓa buɗe fiye da ɗan taƙi a lokaci ɗaya ba, don kada abin da ke sama ya sauko. Daga nan suka yi yaɓen ƙasa da yashi, a waje suka gauraya da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da magina suka daɗe suna amfani da shi don ruwa ya riƙa zamewa, sannan suka shafe da farar ƙasa a madadin fentin mai. Sun kuma yi magudanar ruwa a bayan ginin da gefen baranda, suka karkatar da daɓen waje yadda ruwan sama zai gudu nesa da bango.

Wasu daga cikin 'yan uwa sun ga wannan a matsayin koma baya, suka ce an ce za a yi gidan zamani sai ga shi ana kwaɓa ƙasa. Amsar tana jikin ginin. Damina ta zo ta wuce har da ruwan Agusta, gindin bangon bai yi baƙi ba, kuma a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Gusau ke kaiwa digiri 40, ɗakunan nan sun fi ɗakunan bulon siminti na sababbin unguwanni sanyi nesa ba kusa ba, domin bango mai kauri ba ya barin zafin rana ya ratsa shi da wuri. Abin da ya kamata mai gida ya sani tun farko shi ne irin wannan bango yana son kulawa, sai ana sabunta farar ƙasar lokaci-lokaci, kuma dole a hana 'yan haya liƙa tayil ko fentin mai a jikinsa. Kamfanin ya rubuta mana wannan sharaɗi, mu kuma muka sa shi a takardar haya.

A rufi, sun sauke tsohon kwano, suka canja katakon da gara ta ci, suka yi wa sauran magani suka bar su, domin tsohon katakon da ya tsira ya fi wanda ake sayarwa a kasuwa yanzu nagarta. Sai dai akwai wani abu da suka gano a can sama wanda ban taɓa tunaninsa ba. Bangon da ya raba gida da gida bai kai kwano ba, a daidai silin ya tsaya, saboda haka saman jerin duka fili ne guda tun daga ƙofa ta farko har ta shida. Ma'anar wannan ita ce idan wuta ta tashi a gida ɗaya, Allah ya kiyaye, za ta bi ta cikin silin ta cinye shidan kafin a ankara, ban da ɓeraye da hayaƙi da muryoyin mutane da ke ratsawa. Sun ɗaga kowane bango har ya taɓa kwano, suka toshe duk wata kafa. Wannan aiki ba wanda zai shigo ya gan shi, bai kuma ƙara wa gidan kwarjini ba, amma duk mai irin wannan gini ya kamata ya sa a leƙa masa cikin silin tun yau, ko da ba shi da niyyar gyara.

Bangon tarayya kuwa shi ne asalin wahalar jerin gidaje a ko'ina. A Ingila, inda titunan birane suke cike da irin wannan gini, har doka aka yi a 1996 wadda ta wajabta wa mai gida ya sanar da maƙwabcinsa a rubuce kafin ya taɓa bangon da suke tarayya. Mu a nan abin da muke da shi ya girmi wannan doka, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni kada maƙwabci ya hana maƙwabcinsa kafa itace a bangonsa, kuma malamanmu na fiƙihu sun yi dogon bayani kan hana cutar da maƙwabci da taga ko magudana ko hayaƙi. Amma haƙƙin da ba a rubuta ba yakan zama rigima idan bango ya tsage. Kamfanin ne ya dage sai mun zauna da maƙwabtanmu a gaban mai unguwa, aka ɗauki hoton bangon ta ɓangarensu kafin a fara aiki, aka rubuta cewa duk ɓarnar da aikin ya jawo mu za mu gyara. Wata tsaga ta fito a ɗakinsu lokacin da ake canja bulo, aka duba hoton aka ga sabuwa ce, aka gyara, maganar ta mutu a nan ba tare da an kai ga ɗaga murya ba.

Matsala ta biyu ta irin wannan gini ita ce duhu. Gidan da ke tsakiyar jeri ba shi da gefe, daga gaba da baya kawai haske da iska suke shigarsa, shi ya sa ɗakin tsakiya yake zama kamar rumbu. A nan mai zanen ya yi abin da ya fi burge ni a duk aikin. Ya yanke wani ɗan sashe na ɗakin tsakiya a kowane gida, ya buɗe rufinsa, ya mayar da shi ƙaramin fili mai kallon sama wanda aka rufe da ƙarfen tsaro da raga, aka yi masa magudana a ƙasa. Falo da ɗakin kwana duka suna da taga da ke kallon wannan fili, saboda haka haske yana shiga tsakiyar gidan, iska mai zafi kuma tana samun hanyar tashi sama. Ya ƙi yarda a sauke silin da POP, wato farar filastar ado ta silin, kamar yadda ake yayi, ya bar tsayin ɗakunan yadda magina na farko suka yi shi, ya kuma bar ƙananan tagogin da ke saman ƙofofi, waɗanda wani zai toshe ba tare da ya san amfaninsu ba. An yi asarar wajen da zai iya ɗaukar gado guda, gaskiya ne, amma ɗakin da a da sai da fitila yanzu ana karatun Alƙur'ani a cikinsa da hantsi ba a kunna komai ba. Illarsa ita ce ƙurar hunturu, wadda ke sauka ta nan kai tsaye, kuma ya kamata a ce sun yi wa filin murfin da za a iya ja daga Disamba zuwa Fabrairu.

Banɗaki da kicin duka a baya suka gina su da sabon bulon siminti, a wurin tsohon madafi da makewayi, domin kada bututun ruwa ya bi ta cikin bangon ƙasa, inda ɗan yoyo kaɗan zai iya yin ɓarna shekara guda ba a sani ba. An yashe tsofaffin masai aka cike su aka danne, aka yi ramin bahaya na zamani guda ɗaya babba don gidajen huɗu. Tsohuwar rijiyar da ke bayan ginin sun ce a daina shan ruwanta, saboda masana lafiyar muhalli suna son a samu aƙalla mita 15 tsakanin rijiya da ramin bahaya, filin kuwa bai ba da wannan dama ba. Kowane gida da tankinsa da mitarsa ta wuta mai kati, abin da ya kashe rigimar da ta fi kowace raba kan 'yan haya, an kuma bi da wayoyi ta cikin bututun roba a saman bango maimakon a sassaƙe shi. An ware layin sola daban don fitila da fanka. A wannan ɓangare ba ni da ƙorafi.

Ƙorafina babba yana kan abin da aka yi wa tsakar gida. Da aka gina banɗaki biyu da kicin a baya, filin da ya rage bai wuce wurin da mutum biyu za su tsaya ba. An zana gidan ne kamar wanda za a ba ma'aikacin banki marar iyali, alhali mafi yawan masu neman haya a wannan unguwa magidanta ne masu mata da 'ya'ya. Kicin ɗin an yi shi ne don gas kawai, ƙarami, mai taga ɗaya. Matar da take son ta hura gawayi saboda tsadar gas, ko ta ɗora babbar tukunya ranar suna ko Sallah, ko ta yi surfe, ko ta shanya wanki inda idon titi ba ya kai wa, ba ta da wurin yin ko ɗaya. Gwaggonmu, wadda a wannan gida aka haife ta, da ta zagaya ta dubi mai zanen ta ce: «Ɗan nan, aikinka ya yi kyau, Allah ya yi albarka, amma ka tambayi mace kuwa kafin ka zana?» Ya amsa da ladabi cewa: «Hajiya, da masu gida muka yi magana.» Wannan amsa gaskiya ce, amma ba ta wanke shi ba, domin wanda ya san ya haƙa rami ya duba harsashi ya kamata ya san ya tambayi yadda ake rayuwa a gidan da yake zanawa. Banɗaki ɗaya da tsakar gida mai faɗi ya fi wa iyali amfani a kan banɗaki biyu da lungu. Yanzu abin da ake gani shi ne ana hura gawayi a ƙaramin filin hasken nan na tsakiya, hayaƙi yana shiga ɗakin kwana, farar ƙasar kuma ta fara yin baƙi.

Haka nan batun sutura. Tsohon shago shi ya zama falo, ƙofarsa tana buɗewa kai tsaye a kan baranda, baranda kuma a kan titi. Babu zaure, babu ko ɗan shinge da zai karya ido, saboda haka da an buɗe wa baƙo ƙofa mai wucewa yana hango cikin gida. Magina na gargajiya sun warware wannan tun da daɗewa, ta hanyar karkatar da ƙofar ciki yadda ba za ta yi saiti da ta waje ba, kuma faɗin shagon ya isa a yanki ɗan zaure a gabansa. Da na yi musu magana sun yarda, suka kawo shawarar a kafa allon katako a bayan ƙofa, wanda ya rage matsalar amma ya ƙuntata falon. Abin da aka tsara tun a takarda ba ya zama ɗaya da abin da aka liƙa daga baya.

Ta fuskar kuɗi da lokaci, sai a yi musu adalci a kuma faɗi gaskiya. Aikin ya faɗo a lokacin da kayan gini suka yi tashin gwauron zabo, bayan cire tallafin man fetur a 2023 da faɗuwar darajar naira, har buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024. Wannan ba laifinsu ba ne, kuma da yake aikin ƙasa ya fi yawa, tsadar simintin ba ta dake mu kamar yadda ta daki masu sabon gini ba. Laifinsu shi ne ƙiyasin farko bai ƙunshi abubuwan da suka san dole za a biya ba, kamar kuɗin izinin gyara daga hukumar tsara birane, da kuɗin mitoci, da kwashe ɓaraguzai, da yashe masai. Kowanne sai da lokacinsa ya zo sannan aka kawo mana shi a matsayin ƙari, kuma ga wanda yake riƙe da kuɗin magada, komawa wurin 'yan uwa a kai a kai neman ƙari abu ne mai zubar da mutunci. A ƙarshe abin da aka kashe ya zarce ƙiyasin da kusan kashi ɗaya cikin uku. An kuma wuce wa'adin da aka ɗiba da watanni, wani ɓangare saboda jiran bango ya bushe, wanda na fahimta, wani ɓangare kuma saboda sun karɓi wani aiki a wani gari sun janye ma'aikata, wanda ban ji daɗinsa ba. Abin da ya rage zafin shi ne ba su taɓa ɓoye rasit ba, kuma duk mako suna turo hotuna da lissafi ta WhatsApp.

Aikin ƙarshe bai kai na farko kyau ba. Masu tayil da masu famfo ba mutanensu ba ne, ɗauko su suka yi, kuma a lokacin injiniyan ya rage zuwa. A banɗaki biyu daɓen bai karkata zuwa magudana ba, ruwa yana kwanciya a bakin ƙofa, sai da aka fasa aka sake. Sun kuma cire tsofaffin ƙofofin katako masu ganye biyu suka sa na ƙarfe irin na kanti, masu ƙyalli, waɗanda suke ɗaukar zafi da rana, ba su kuma dace da fuskar ginin ba. Na san halin tsaron da ake ciki ya sa kowa yana son ƙofar ƙarfe, amma ana iya barin ta katakon a waje a sa ƙarfen tsaro a bayanta. Ginshiƙan baranda da tsayin rufi da jerin ƙofofin dai suna nan yadda suke, har yanzu mai wucewa zai gane cewa ginin zamanin jirgi ne, kuma na gode musu da ba su lulluɓe shi da tayil ba.

Akwai wani abu da ba aikin kamfanin ba ne amma ba zan iya tsallake shi ba. Kafin gyara akwai masu haya a ciki, tela da mai gyaran rediyo da iyalai biyu, suna biyan kuɗi kaɗan saboda halin da ginin yake ciki. Bayan gyara hayar ta fi ƙarfin yawancinsu, a daidai lokacin da Gusau ta cika da mutanen da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka, ɗaki ya yi wuya. Mun ba su wa'adi mai tsawo, mun yafe bashin haya, iyali ɗaya kuma sun dawo a kan rangwame, amma telan, wanda ya shekara da shekaru a wannan baranda, ya koma wata unguwa inda ba a san shi ba. Mai zanen ya taɓa kawo shawarar a bar ƙofa ɗaya da shagonta a gaba, magada suka ƙi saboda lissafin haya. Duk wanda zai yi irin wannan aiki ya sa waɗannan mutane a lissafinsa tun ranar farko, domin su ma suna da haƙƙin zaman tare.

Idan aka tambaye ni ko zan tura wani wurinsu, amsata ita ce eh, ga wanda ginin nasa na ƙasa ne ko na tsohon jan bulo, yake kuma son ya tsaya da ƙafarsa, domin a wannan fanni ban ga wanda ya kama ƙafarsu a cikin waɗanda muka tuntuɓa ba. Wanda burinsa bene da yawan ɗakuna, ba su ne mutanensa ba. Amma kada ya sa hannu sai an rubuta masa ƙiyasi mai ɗauke da kuɗin izini da mita da kwashe ƙasa, sai an rubuta ranakun da injiniya zai riƙa zuwa har zuwa aikin tayil, sai kuma an shimfiɗa zanen a gaban matan gidan sun faɗi inda za a yi girki da wanki da shanya. Ya kuma tabbatar takardar mallakar filin da ta rabon gado sun kammala, domin hukuma ba ta ba da izinin gyara ga wanda bai nuna shaidar mallaka ba. Mu mun riƙe wani kaso na kuɗinsu har damina ta wuce, kamar yadda aka rubuta a yarjejeniya, kuma da wannan kaso ne suka dawo suka gyara banɗakunan. Yanzu muna tattaunawa da su kan rushe banɗaki ɗaya a gidaje biyu na tsakiya don a dawo da tsakar gida, sun kawo zanen, ana jiran hayar bana ta ƙare.